Darasi Na 12: Canjin Sule

Kafin a fito da naira a shekarar 1973, daga cikin kuɗin da ake kashewa a kasuwanninmu akwai kwabo, da taro, da sisi, da sule. Taro kwabo 3 ne. Sisi kwabo 6 ne. Sule kuwa kwabo 12 ne. Dattawan ajinmu sun san su sarai.

Mu ɗauka ga wata mai ƙosai a wancan zamani. Wani ya zo sayen ƙosan sisi, ya miƙa mata sule. Ta duba, ba ta da sisi. Sai ta ce, "Malam, yi haƙuri, ba canji." Ya karɓi sulensa ya yi gaba. Ashe tana da taro 1 da kwabo 3 ƙulle a bakin zane. Ta yi asarar ciniki a banza.

Hanya nawa ake haɗa sisi da taro da kwabo? Hanya 3 ce:

taro 2
taro 1 da kwabo 3
kwabo 6

To, yanzu mu canja sule. Kada mu yi ta cinke, don za mu manta da wata hanya, ko mu ƙirga wata sau biyu. Dabarar ita ce mu fara da babban kuɗi, mu sauko a hankali.

In mun sa sisi 2, sule ya cika. Hanya 1 ke nan.

In mun sa sisi 1, saura kwabo 6. Mun riga mun san wannan, hanya 3 ce.

In ba mu sa sisi ba, muna iya sa taro 4, ko 3, ko 2, ko 1, ko kuwa kada mu sa ko ɗaya, mu cike saura da kwabo. Hanya 5 ke nan.

Mu tara: 1 da 3 da 5, ya zama 9. Ashe sule guda hanyar canjinsa 9 ce.

Sule ya wuce, amma dabarar tana nan. Wanda ya iya ta, ba ya korar mai saye, ba a kuwa cutarsa wajen canji.

Aikin gida

Ku canja naira 500 da takardun naira 200, da 100, da 50. Ku fara da babba. Hanya nawa kuka samu? Ku rubuta, ku kawo wa malam gobe.