Darasi: Wasan Yara da Hirar Gida

Darasinmu na wannan wata ya shafi iyaye, musamman mu da ke Kaura Namoda, Shinkafi da Zurmi. A da, in wata ya yi fari, yara kan cika dandali. Maza na langa, mata na gaɗa, ƙanana kuma suna gaban kaka suna sauraron labarin Gizo da Ƙoƙi. A nan yaro yake koyon magana, da jiran layi, da haƙuri in an ka da shi. Rashin tsaro ya rufe dandali a ƙauyuka da yawa. A watan Satumba na 2021 har makarantun Jihar Zamfara duka an rufe, bayan an sace ɗalibai a Kaya, cikin ƙaramar hukumar Maradun. Aikin da dandali da makaranta suke yi ya dawo kan iyaye.

1. Hanyoyin reno

A shekarun 1960 wata masaniya 'yar Amurka, Diana Baumrind, ta lura da iyalai, ta rarrabe hanyoyin reno uku. Akwai masu tsanani, waɗanda doka da bulala ne kaɗai maganarsu. Akwai masu sakaci, waɗanda ba su hana yaro kome. Akwai kuma masu kafa doka tare da ƙauna, suna faɗin dalili, suna kuma sauraro. A 1983 waɗansu masana suka ƙara ta huɗu, wato iyayen da ba ruwansu da yaro sam. Yaran hanya ta uku su ne aka ga sun fi natsuwa da iya zama da mutane.

Tsoro yakan tura mu ga hanya ta farko. Uban da ya kwana yana sauraron ƙarar babura, gari na wayewa sai tsawa. Amma yaro man kaza ne, in ya ji rana sai ya narke. Hana shi zuwa bayan gari daidai ne, sai dai a gaya masa dalili cikin taushin murya.

2. Wasa magana ce

Ƙaramin yaro bai iya cewa yana jin tsoro ba, amma wasansa yana faɗi. In kun ga ya sassaƙa bindiga da kara, ko yarinya tana ɓoye 'yar tsanarta a ƙarƙashin gado, kada ku yi gaggawar duka. Ku zauna, ku tambaya: wane ne wannan, me ya same shi? Yaron da ya daina wasa gaba ɗaya, ko ya daina magana, ko ya koma fitsarin kwance bayan ya bari, yana bukatar a jawo shi a jiki, a kuma nemi shawarar ma'aikatan lafiya.

3. Abinci da wasa tare

A watan Yuni na 2024 ƙungiyar likitoci ta MSF da ma'aikatar lafiya sun auna yara sama da 97,000 a Shinkafi da Zurmi, suka sami kashi 27 cikin ɗari da tamowa. Abinci shi ne gaba, amma ba shi kaɗai ba. A 1986 da 1987, a birnin Kingston na ƙasar Jamaika, an ɗauki yara 129 da suka tsumbure. Aka riƙa ziyartar gidajen waɗansunsu kowane mako har shekara 2, ana koya wa uwaye wasa da hira da su. Bayan shekara 20, abin da waɗannan yara suke samu ya fi na sauran da kusan kashi 25 cikin ɗari. Kayan wasan kuwa na gida ne. Gwangwani, kara, tsumma da tsakuwar carafke sun isa.

4. Abin da za mu yi

Waliyyi Yohanna Bosco, wanda ya rasu a 1888, ya tara yaran titi a birnin Turin na Italiya, yana shiga filin wasa tare da su, ta haka ya sami zukatansu. Mu ma, kowane gida ya keɓe ɗan lokaci bayan tuwon dare domin tatsuniya da kacici-kacici. Uba ya zauna, kada a bar wa uwa kaɗai. Kunyar ɗan fari al'ada ce, amma kada ta hana shi jin muryar iyayensa. Da yake ɗa na kowa ne, mu jawo marayu da 'ya'yan 'yan gudun hijira cikin wasan 'ya'yanmu.

Tambayoyi domin tattaunawa: Wace hanya cikin huɗun nan ta fi kama da gidanmu? Yaushe rabonmu da mu saurari yaro har ya gama maganarsa?

Allah ya tsare 'ya'yanmu, ya ba ƙasarmu salama. Amin.