Linux ko FreeBSD? Duba wayar ofishinka tukuna

Masu makarantu, ƙananan asibitoci da shagunan buga takardu daga Gubuchi zuwa Makarfi, Ikara da Hunkuyi sun fara gajiya da yawo da filasha tsakanin kwamfutoci tana kwaso musu cuta. Aikina ke nan: in mai da tsohuwar kwamfuta sabar ajiya, kowa a ofis ya ɗauki fayil ya ajiye a wuri guda. Kusan duk wanda na je wa sai ya tambaye ni wanne ya fi sauri, Linux ko FreeBSD.

Dukansu kyauta ne, kuma in kwamfutocin ofis Windows suke amfani da ita, abu guda ke miƙa musu fayil a kan kowanne: Samba, manhajar da Andrew Tridgell ya fitar a Ostiraliya a 1992. Ina gwada su a inji ɗaya, OpenMediaVault da ke kan Debian, wani nau'in Linux, sannan TrueNAS CORE da ke kan FreeBSD. In na tura babban bidiyo, kowanne kan tsaya a wajen megabayit 110 a daƙiƙa. Ba laifinsu ba ne. Wayar gigabit iyakarta 125 ce a lissafi, ba a ma kai wa nan. In kuwa akwatin da ke rarraba wayoyin tsohon yayi ne mai megabit 100, ko me ka ɗora ba za ka wuce 12 ba. Waya guda da bakinta ya lalace ma takan mai da layin gigabit ya koma megabit 100 ba tare da kowa ya lura ba, sai a yi ta zagin manhaja.

Wahalar tana wajen ƙananan fayil: hotunan fasfo na ɗalibai, sakamakon jarrabawa, takardun marasa lafiya, dubbai a jaka ɗaya. Nan dukansu ke rarrafe, domin faifai mai juyawa sai ya nemo kowanne ɗaya bayan ɗaya. Sanya SSD ya fi sauya manhaja tasiri nesa ba kusa ba.

Bambancin da nake dubawa shi ne tsarin ajiya. ZFS na TrueNAS yana tantance kowane gutsuren bayani, kuma ba ya rubutu a kan tsohon sai sabon ya zauna, abin da ke da daraja a inda ake ɗauke wuta ba sallama. Sai dai yana son RAM, aƙalla gigabayit 8. Injin da ke da 2 ko 4, irin waɗanda na fi tararwa, Debian da tsarin ajiya na ext4 ne daidai da shi. Gardamar ma ta yi sanyi, tunda ZFS na aiki a Linux, kuma tun 2022 TrueNAS ta fitar da SCALE a kan Debian.

Akwai abubuwan da ba na sassauci a kansu. A kashe SMB1, tsohuwar hanyar raba fayil, ƙofar da cutar WannaCry ta bi a 2017, ko da tsohuwar na'urar kwafi ta ƙi aiki. Sannan a sa UPS ko inbata, a riƙa hure ƙurar hunturu, a ajiye kwafi a wani faifai daban.

Don Allah kafin ka kashe kuɗi a sabon inji, sa mai gyaran kwamfutarka ya tura jakar fayil ɗinku ta yau da kullum, ya duba agogo, sannan ya duba gudun da katin sadarwa ke nunawa.