Janar Hassan Usman Katsina, Soja Mai Wasan Ƙwallon Doki

A Ingila hafsoshin soja da yawa sun yi suna a rugbi, wasan da ake rungumar ƙwallo a sheƙa da gudu. Mu a ƙasar Katsina, sojanmu bisa doki ya yi nasa sunan.

An haifi Hassan Usman Katsina a shekarar 1933. Mahaifinsa shi ne Sarkin Katsina Usman Nagogo, kakansa kuwa Sarki Muhammadu Dikko, wanda a zamaninsa wasan folo, wato ƙwallon doki, ya kafu a Katsina. Nagogo kansa gwani ne da aka san shi har ƙasashen waje. Yaro ya tashi ya tarar da dawaki a bargar gidansu, ya koyi riƙon linzami tun yana ƙarami.

To, yaya ake wasan? Kowane gefe mahaya huɗu ne. Kowa na riƙe da doguwar sanda mai kai kamar guduma a hannun dama, linzami a hagu. Doki na sukuwa, mahayi ya sunkuya ya maka wa 'yar ƙwallo sanda. Bayan kamar minti 7 sai a tsaya a sauya dawaki, don kada dabba ta jigata. Duk wanda ya taɓa kiwon doki ya san ba a tilasta masa. Sai da dawa, da harawa, da lallashi. Wannan haƙuri ya yi wa Hassan rana.

Ya yi karatu sosai kafin ya shiga soja, ya samu horo a Sandhurst ta Ingila. A watan Janairu 1966, bayan kisan Sardauna, aka naɗa shi Gwamnan soja na Jihar Arewa baki ɗaya, yana ɗan shekara 32. Zukata a tafashe suke a lokacin, nauyin kuwa ba ƙarami ba ne ga matashi. Daga 1968 zuwa 1971 shi ne shugaban rundunar sojan ƙasa, ya kama aikin ana cikin yaƙin basasa. Ya riƙe sarautar Ciroman Katsina, ya rasu a 1995. Allah ya jiƙansa.

Ranar da kuka shiga Katsina ta hanyar Dutsinma, za ku wuce babbar makarantar kimiyya da fasaha da aka sa wa sunansa. Ku dubi allon ƙofarta, ku karanta sunan da kanku.