DARASI: HARAJI DA MULKIN KAI A ƘASAR BIRNIN KUDU DA GWARAM

Karatu: Luka 3:7-14

'Yan'uwa masu bi, a wannan wata za mu duba yadda mulki ya yi ta sake hannu a ƙasarmu, da abin da Ubangiji ya ke nema gare mu yanzu da ya ke mulkin yana hannunmu. Za mu bi sawun haraji, gama a wurin haraji ne talaka ya ke sanin halin mai mulki.

Zamanin Turawa

Kafin zuwan Turawa, Birnin Kudu da Gwaram suna ƙarƙashin Sarkin Kano, a bakin iyaka ta kudu. Mayaƙan Ningi su kan kawo hari, su kwashe mutane da dabbobi, har noma nesa da ganuwa ya zama abin tsoro. A watan Fabrairu 1903 sojan Ingila su ka ci Kano, a ka tuɓe Sarki Alu, a ka naɗa Abbas. Hare-hare su ka ƙare, a ka hana cinikin bayi. Wannan alheri ne, kada mu ɓoye shi.

Amma Turawa kaɗan ne, saboda haka su ka yi mulki ta hannun sarakuna. A ka aike da hakimai su zauna cikin gundumominsu. Mai unguwa ya ƙidaya magidanta, dagaci ya tara kuɗi, hakimi ya kai baitulmalin En'e a Kano, Gwamnati kuma ta ɗauki rabonta. Di'o ya kan zo rangadi ya duba takardu. Da ya ke da kuɗi a ke biya, manomi ya shiga shuka gyaɗa, balle da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Bafulatani kuwa yana biyan jangali bisa kowace saniya. Wanda ya kasa biya, a kan sayar da akuyarsa ko hatsinsa, wani ma ya bar gari da dare. Ba a tambayi talaka ba sa'ad da a ka yanka masa haraji, ba a kuma gaya masa inda kuɗin ya tafi ba.

Mulki ya matso kusa

A 1950 a ka kafa jam'iyyar NEPU a Kano, tana kuka a kan zaluncin da a ke yi wa talakawa. NPC ta Sardauna Ahmadu Bello ita ta riƙe gwamnati a Kaduna. Arewa ta sami mulkin kanta ran 15 ga Maris 1959, Nijeriya duka kuwa ran 1 ga Oktoba 1960. Murna ba ta daɗe ba: a Janairu 1966 a ka kashe Sardauna da Abubakar Tafawa Ɓalewa, yaƙin basasa ya biyo daga 1967 zuwa 1970.

Duk da haka mulki ya yi ta matsowa. A 1967 a ka yi Jihar Kano. A 1976 ƙananan hukumomi su ka gaji En'e. A 1979 Abubakar Rimi ya zama gwamnan Kano, ya soke haraji da jangali. Ran 27 ga Agusta 1991 a ka yanke Jihar Jigawa, hedkwatarta Dutse. Daga 2007 zuwa 2015 gwamnan jihar, Sule Lamido, mutumin Bamaina ne ta ƙasar Birnin Kudu.

Ku lura: dā mai yanka hukunci yana hayin teku, yau ɗan garinmu ne. Amma kusantar mulki dabam, adalci dabam. Idan kuɗin rijiya ko na maganin asibiti ya ɓace a hanya, ba Bature ya ci ba.

Abin da Yohanna ya koyar

Mutanen Yahudiya ma suna ƙarƙashin baƙi, wato Romawa. Masu karɓar haraji da sojoji su ka zo wurin Yohanna Mai Baftisma, suna tambaya abin da za su yi. Bai ce su bar aikinsu ba. Ya gargaɗi masu haraji kada su ɗora kome bisa abin da a ka ƙayyade, sojoji kuma su bar ƙwace da ƙazafi, albashinsu ya ishe su. Taron jama'a kuwa ya umurce su su raba tufafi da abinci da marasa shi. Ashe gyaran ƙasa yana farawa daga hannun da ke taɓa kuɗin wani.

Mu Kirista kaɗan ne a wannan ƙasa, amma gishiri ma kaɗan a ke sa wa miya. A cikinmu akwai malamin makaranta, da ma'aikaciyar asibiti, da ɗan sanda, da ma'ajin ekklesiya. Kowannensu ya riƙe amana yadda maƙwabcinsa Musulmi zai shaida. Mai ƙuri'a kada ya sayar da ita don sabulu ko taliya, gama kakanninsa ba su sami wannan iko ba. Mu riƙa yi wa hakimi da shugaban ƙaramar hukuma da gwamna addu'a, mu kuma faɗa musu gaskiya da ladabi.

Tambayoyi

1. Ta hannun su wa haraji ya ke bi kafin ya kai Kano?
2. Don me Yohanna bai ce masu haraji su bar aikinsu ba?
3. A ekklesiyarku, ana karanta wa jama'a lissafin baiko a fili? In ba a yi, wa zai fara tambaya?