Abin da Madubi Ke Gani a Gindin Kwalbar Fitsari

Idan aka ɗebi fitsari mililita 10, aka juya shi a na'urar wulwulawa na 'yan mintoci, wata 'yar laka takan kwanta a gindin kwalba. Ɗigo ɗaya nata a ƙarƙashin madubin ƙara girma ya isa ya ba da labarin ƙoda da mafitsara.

Fitsarin mai lafiya ba ya rasa 'yan ƙwayoyin halitta, watau ɓawon da ke saɓulowa daga hanyar fitsari. Abin da ke tsayar da mai dubawa shi ne jajayen ƙwayoyin jini da yawa. Siffarsu ma magana ce. In sun zo a kewaye sumul, galibi daga mafitsara ko hanyar fitsari suka fito. In kuwa sun zo a mommotse, masu ƙulli-ƙulli, to sun matso ne ta matatar ƙoda, sai a nemi cutar a can.

A ƙasar Birnin Kudu da Gwaram, inda yara ke wanka a kududdufai da rafuka, manya kuma ke noman fadama, jinin nan sau da yawa yakan zo da abokin tafiya: ƙwan tsutsar tsargiya, Schistosoma haematobium, wadda likitan Jamus Theodor Bilharz ya gano a Alƙahira a 1851. Ƙwan dogo ne, tsawonsa bai kai kashi ɗaya cikin biyar na milimita ba, da ƙaya a ƙarshensa. Wannan ƙaya ita ce shaidarsa, domin ƙwan 'yar'uwarta mai zama a jijiyoyin hanji a gefe tasa ƙayar take. An fi samun ƙwan tsakanin ƙarfe 10 na safe da 2 na rana, musamman a ɗigon ƙarshe na fitsari. Ƙwai 50 ko fiye a mililita 10 ana lissafa shi kamu mai tsanani. Ƙwan da ya faɗa ruwa yakan ƙyanƙyashe, ya shiga dodon koɗi na jinsin Bulinus, daga nan 'ya'yan tsutsar su fito su huda fatar mai wanka.

Har yanzu akwai masu ɗaukar fitsarin jini alamar balagar yaro. Wannan kuskure ne mai tsada. Ba duk ƙwai ke fita ba. Da yawa sukan maƙale a bangon mafitsara, su yi ta ƙaiƙayarsa shekara da shekaru, har ƙwayoyin bangon su sauya kama su koma falle-falle kamar na fata. Su kaɗai ba abin firgita ba ne, don irinsu kan shiga fitsari daga fata, musamman na mata. Amma in aka ga waɗansu masu babbar cibiya baƙa, marar daidaito, sun taru a dunƙule, to ana zargin sankarar mafitsara. A 1994 hukumar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya wannan tsutsa cikin tabbatattun masu haddasa ta.

A nan ne mai dubawa ya kamata ya san iyakarsa. Fitsarin da ya daɗe a ajiye yakan lalata ƙwayoyi su yi kama da na cuta, saboda haka a duba shi cikin sa'o'i 2. Hukuncin sankara kuwa sai an rina samfurin, an leƙa mafitsara, an yanki ɗan nama, a babban asibiti irin Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu ko inda ta tura. Ita tsargiyar, maganinta praziquantel ne, miligiram 40 ga kowane kilo na nauyin jiki, a sha sau ɗaya; sai dai ba ya hana sake kamuwa ga wanda ya koma kududdufi.