Shin Tsohon Hannu Yana Bukatar Atisaye?

Duk shekara idan aka dawo daga dogon hutu, akan yi gardama a filin ƙwallon makarantarmu. Manyan ɗalibai sukan ce su sun riga sun ƙware, gudun safe na sababbin shiga ne. A ganina wannan kuskure ne, ga kuwa dalilaina.

Gwanintar ɗan wasa kashi biyu ce. Akwai ta ka, watau dabara da sanin lagon abokin karawa. Wannan takan daɗe ba ta dushe ba. Akwai kuma ta jiki, watau dogon numfashi da ƙarfin ƙafa. Ita wannan, makonni kaɗan na zaman banza sun isa su rage ta. Wanda ya shiga fili haka nan, kansa ya san abin da zai yi, amma ƙafarsa ta ƙi. Daga nan sai haki, sai targaɗe.

Mu dubi 'yan kokawar ƙasarmu ta Haɗejiya. Da kaka ake kokawa, bayan samari sun kwashe damina suna noman gero a tudu da shinkafa a fadama. Fartanya da lauje su ne atisayensu. Ko gwanin da ya yi kaye goma bara, in ya kwana a inuwa duk damina, yaro sai ya kai shi ƙasa.

Haka abin yake a wajen zakarun duniya. A 1974 Muhammad Ali ya kara da George Foreman a Kinshasa ta ƙasar Kwango. Ali yana da shekara 32, Foreman 25. Ali bai dogara da sunansa ba, ya yi makonni a can yana gudu da dukan buhu, ya kuwa buge Foreman a turmi na takwas. Har a wasan kwamfuta na Football Manager, inda mutum yake zama koci, akan shirya wasannin share fage kafin kakar wasa.

Gaskiya ne da tsohuwar zuma ake magani, don haka ba sai an sake koya wa gwani taba ƙwallo ba. Amma ya fito da wuri, ya fara a hankali, yana ƙarawa kullum. 'Yan'uwana ɗalibai, gasar gidajen kwana tana tafe, ba a kuwa fafe gora ranar tafiya. Allah ya ba mai rabo sa'a, amin.