Motsi Ya Fi Laɓewa: Darasi Kan Yadda Jiki Ke Ƙona Abinci

Kakanninmu da suka kafa Mai Wurno bayan yaƙin Burmi na 1903 da ƙafa suka iso gaɓar Shuɗin Nilu. Da aka kammala madatsar ruwa ta Sinnar a 1925 aka buɗe gonakin Jazira, 'ya'yansu da jikokinsu sun sha noma da tsintar auduga a hawasha. A yau kuwa da yawa daga cikinmu kasuwa ce gonarmu. Mai shago a Wad Madani ko Sinja ko Damazin yakan hau raksha da safe, ya zauna kan benci har la'asar, ga shayi kofi bayan kofi. Abincin bai ragu ba, motsin ne ya ragu. Daga nan teɓa ke somawa, ciwon suga da hawan jini su biyo baya. Tun da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilu na 2023 magani ya yi wuya ya yi tsada, saboda haka abin da mutum zai iya yi wa kansa kyauta ya ƙara daraja.

Wutar da ke cikin jiki

Jikin ɗan Adam kamar murhun gawayi yake, wanda ba ya mutuwa dare da rana. Kisra ko asida ko tuwon da muka ci, jiki yana mayar da shi suga a cikin jini, sannan ya ƙona sugan ya sami ƙarfi. Kusan kashi biyu cikin uku na wannan ƙarfi yana tafiya ne wajen numfashi, bugun zuciya da aikin hanta da ƙwaƙwalwa, ko da mutum yana barci. Abin da bai ƙonu ba sai jiki ya ajiye shi kitse.

Tsoka ita ce ta fi kowace gaɓa kwashe suga daga jini bayan cin abinci. Idan tana aiki, tana jawo sugan da kanta, kuma takan ci gaba da karɓar sinadarin insulin da sauƙi har kwana ɗaya ko biyu bayan motsin. Idan aka bar ta a zaune, sai ta yi sanyi, sugan ya taru a jini. Shi ya sa motsi kaɗan kullum ya fi wahala mai yawa sau ɗaya a mako.

Gwargwadon da ake bukata

Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci baligi ya yi motsi matsakaici na minti 150 zuwa 300 a mako, wato aƙalla rabin awa a kwana biyar. Ma'auninsa mai sauƙi ne: tafiyar da za ta sa numfashi ya ƙaru, amma mutum yana iya magana da abokin tafiyarsa. Ta kuma ce a yi aikin ƙarfafa tsoka kwana biyu a mako. Yara daga shekara 5 zuwa 17 suna bukatar awa guda kullum.

Yadda za a yi ba tare da an rufe shago ba

1. Ku sauka daga raksha kafin ku kai kasuwa, ku ƙarasa da ƙafa cikin hanzari.
2. Bayan cin abinci ku taka na minti goma, domin a lokacin ne suga ke hawa.
3. Kada ku wuce awa guda a zaune. Ku miƙe ku jera kaya, ku share gaban rumfa.
4. Ku tashi daga kujera ku koma sau goma ba tare da dafa hannu ba, safe da yamma. Wannan yana ƙarfafa cinya, inda manyan tsokoki suke.
5. Iyaye mata, daka da shara da ɗiban ruwa duk motsi ne. Wadda ta bar su ga yara ta nemi madadinsu, ko da zagayen tsakar gida ne tare da maƙwabciya.

Gaskiyar da ya kamata a sani

Gumi ba kitse ba ne, ruwa ne jiki ke fitarwa, kuma dole a mayar da shi. Motsi kaɗai ba ya narkar da teɓa idan baki bai taimaka ba. Kofi uku na shayi, kowane da cokali uku na sukari, sun kusa cinye ribar tafiyar rabin awa. Ku rage cokali ɗaya a wannan mako, wani a mako mai zuwa.

Wanda yake yini a gona ko yake dako ya riga ya cika ma'auninsa. Haka wanda abinci bai ishe shi ba, hutu da ƙoshi yake bukata kafin komai.

A kiyaye

A watannin Afrilu da Mayu zafi yakan haura digiri 40, don haka a yi tafiya bayan asuba ko dab da magariba. Kada a mai da iyo a tur'a motsa jiki, domin ruwan magudanan Jazira yana ɗauke da tsargiya. Mai allurar insulin ko ƙwayar rage suga ya riƙe dabino a aljihu, ya ci idan ya ji rawar jiki ko jiri, ya kuma sa takalmi, ya duba ƙafarsa kowane dare. Wanda ya ji ciwon ƙirji ko numfashinsa ya sarƙe ya tsaya nan take ya nemi ma'aikacin lafiya. Mai shan magani kada ya daina don ya fara tafiya.

Ku fara gobe da minti goma, ku ja ɗan uwa ko maƙwabcin rumfa ku tafi tare. Allah Ya ƙara mana lafiya, Ya zaunar da ƙasa lafiya.